Bencin Coci a Ƙofar Kamfani

Babana ba ya fara kallon mutum ta fuska. Ƙafa yake fara kallo. In baƙo ya shigo gidanmu, kafin a gama gaisuwa Baba ya riga ya auna shi da ido daga diddige zuwa gwiwa, ya san irin kujerar da za ta dace da shi. Mamarmu, lokacin tana raye, takan ce da ƙafafunta ya fara soyayya, sai daga baya ya ɗaga kai ya tarar ashe akwai mace a sama. Shi kuwa bai taɓa musawa ba.

Kafinta ne, amma ba mai kiransa haka, don ba ya yin gado, ba ya yin kabad, ƙofa ma sai an matsa masa lamba. Mai Benci ake ce masa. Duk abin zaman da ke cikin cocinmu daga hannunsa ya fito, tun daga dogayen bencin jama'a har kujerun dattawa masu hannu da ke gaba. Rumfar aikinsa tana kan wani ɗan fili na coci a bakin titi, ba nisa da cocin. Tun ban san kaina ba dattawa suka miƙa masa makullin wurin, suka ce ya riƙa neman abincinsa a ciki, shi kuma ya kula da kujerun gidan Ubangiji. Da wannan rumfar ya ciyar da mu, ya sa mu a makaranta, ya binne Mama. Makullin yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi, da shi yake wanka, da shi yake barci.

Yana da tsarin aikinsa da ba ya canzawa. Ran Litinin zai zagaya cikin coci yana girgiza benci ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙara ya ɗora shi a amalanke ya kai rumfa, ran Asabar da safe ya mayar. Babu bencin da ke barin rumfarsa sai ya zauna a kai ya jijjiga jikinsa hagu da dama kamar mai rarrashin jariri. Na ɓangaren mata da ke baya kuma gajeru yake yin su, don tsofaffi su samu ƙafarsu ta taɓa ƙasa. Ya ce wanda ƙafarsa ke lilo ba ya jin wa'azi.

Bangaskiyarsa ma kusan haka take, ba ta da kwana-kwana. Ya san Yesu ya yi aikin katako, wannan ya ishe shi alfahari har ya mutu. Sauran abubuwan kuwa, da an shiga zurfi a wa'azi sai ka ga ya tattare goshi yana kallon Fasto kamar wanda ake yi wa kwatancen gida a garin da bai taɓa zuwa ba. Ya dawo gida ya tambaye ni, ni ma in ce ban gane ba, mu ci abinci.

Abin ya fara ne da waƙa. Wata Lahadi aka ce a miƙe a yi waƙa, sai matan da ke benci na baya suka yi zamansu. Suna waƙar da bakinsu, har da tafi, amma ba wadda ta tashi. Lahadi ta gaba ma haka. Matar Fasto ta fara tsaki tana cewa matan yanzu ko Ubangiji ba sa iya miƙe wa. Baba kuwa, da yake duk abin da ya shafi zama a wuyansa yake jin sa, sai ya yanke hukunci shi kaɗai cewa laifinsa ne: ya yi bencin gajeru da yawa, tashi daga kansu ya zama aiki. Kunya ta ishe shi. Ran Litinin ya kwashe shida daga cikinsu ya kai rumfa don ya ƙara musu tsawo.

Yana cikin yanka katakon ƙari ne da yamma Gwaggo ta biyo ta wurin. Gwaggo ƙanwarsa ce, ita kaɗai ta rage masa a duniya cikin 'yan ɗakinsu, kuma bakinta ya fi zartonsa kaifi. A kamfanin gyaran hatsi take aiki, inda mata ke jeruwa gefen wani dogon tebur mai tafiya suna tsince tsakuwa da datti kafin a zuba a buhu. Kusan duk matan benci na baya a can suke. Da ya gaya mata abin da yake yi, sai ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta zauna a kan ɗaya daga cikin bencin ta janye zaninta zuwa gwiwa.

"Yaya, kai da kake kallon ƙafar kowa, ka kalli wannan."

Ina wurin, na kawo masa abinci. Ƙafafun sun kumbura har idon sawu ya ɓace, jijiyoyi sun fito sun murɗe, fatar tana sheƙi. Ta danna da yatsa, ramin ya ƙi komawa. Ta ce sabon manaja ne ya kwashe musu kujeru tun farkon shekara, wai mai zama hannunta a hankali yake tafiya. Daga safe zuwa yamma a tsaye suke, wadda ta jingina da tebur ma sai an daka mata tsawa. Sun je wurinsa sun roƙa, ya ce wadda ta gaji ga ƙofa. Ran Lahadi ce kawai ƙafafunsu ke samun hutu, shi ya sa in sun zauna ko ƙaho aka busa ba su tashi.

Baba ya ajiye zarto. Ya daɗe yana kallon ƙafafun nan, ga katakon ƙari a hannunsa da ba shi da sauran amfani. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, ashe ba bencin ba ne. Na ji haushinsa a lokacin, na ga kamar sauƙi ma ya ji.

Gwaggo ba ta zo don ta nuna ƙafa kawai ba. Ta ce matan sun shirya ran Asabar ba za su shiga aiki ba, za su taru a ƙofar kamfani su yi waƙa da addu'a har a mayar musu da kujerunsu. Tana so ya ara musu bencin nan shida, tunda dama suna waje. Baba ya ce ba nasa ba ne, na Ubangiji ne. Ta ce to Ubangijin ya taɓa zama a kansu? Ya ce ta daina irin wannan magana. Ta tashi da ƙyar ta tafi tana jan ƙafa.

A nan ne ƙullin yake, domin mai kamfanin ba baƙo ba ne. Dattijo ne a cocinmu, shi ya yi wa cocin rufin kwano, shi ya sayi janareta. Rana ɗaya aka yi musu baftisma da Baba suna samari, har yau "abokina" yake ce wa Baba. Kujerar da yake zama a kai a gaba Baba ne ya yi ta, ya saka mata wani lanƙwasasshen katako a baya don Dattijo yana fama da ciwon ƙugu. Kuma ba zan yi ƙarya ba, mutumin yana da kirki irin nasa. Ba a taɓa rasuwa a unguwa bai zo ba.

Ni dai abin da na gaya wa Baba a fili yake. Na ce ya mayar da bencin mutane ya kama bakinsa, don in aka karɓe makullin nan ba shi da wata rumfa, ba shi da ƙarfin fara sabuwa, ni kuma shagon ɗinkina da ƙyar yake riƙe ni da yarana. Ina faɗa ina tuna ramin yatsan Gwaggo a ƙafarta, raina yana ɓaci da kaina, da shi, da ita, da kowa.

Baba ya yi abin da ya saba, ya tafi wurin Fasto ya ji hukunci. Fastonmu ba mugu ba ne, matashi ne mai iyali, kuma ya san daga aljihun wa yawancin kuɗin baikon coci ke fitowa. Baba ya dawo bayan azahar ya zauna a shagona ya cire hula. Ya ce Fasto ya ce Kirista mai biyayya ne ga waɗanda aka ɗora a kansa. Ya kuma ce Allah yana jin kukan wanda aka danne, ba ya mantawa. Ya ce bai kamata coci ta sa baki a harkar kamfani ba. Ya kuma ce cocin da ta rufe ido ga wahalar 'ya'yanta ta mutu. Na ce to bencin fa, a ba su ko a hana? Baba ya ce shi ma haka ya tambaya, Fasto ya riƙe hannunsa ya ce ya je ya yi addu'a a kai.

"Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne," in ji Baba. "Na saurara da kyau. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki."

Washegari ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi gidan Dattijo. A ganinsa ya samo mafita mai sauƙi: zai yi wa matan kujeru kyauta, dogaye daidai teburin, masu wurin ɗora ƙafa, katako kawai za a saya. Dattijo ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi. Ya ce shi yanzu ba ya shiga harkar cikin kamfani, manaja ya bar wa, manajan ma masu sayen kaya ne ke matsa masa, su ma banki ke matsa musu. Ya ce in kamfanin ya durƙushe matan nan ko tsayuwar ba za su samu ba. Ya ce kamfani daban, coci daban. Da ya rako shi bakin ƙofa sai ya dafa kafaɗarsa ya tambaye shi ya rumfa, rufin bai fara yoyo ba dai, don dattawa sun jima ba su duba maganar filin nan ba.

Baba ya dawo yana yaba masa, wai ka ga mutum, yana cikin damuwarsa amma ya tuna da rufin rumfata. Na ce Baba gargaɗi ya yi maka. Ya ce a'a. Can kuma ya ce ko? Ya shafa makullin ta cikin riga. Daga nan har Asabar bai ƙara cin abincin kirki ba. Yana addu'a a rumfa a durƙushe cikin dusar katako, in na tambaye shi ko ya samu amsa sai ya ce shiru ne, kuma bai san ko shirun na nufin je ka ko zauna ba.

Ran Asabar da safe ya yanke shawara, ya faɗa mini da bakinsa: zai mayar da bencin coci. Ya ɗaure su a amalanke da igiya, ya turo. Shagona yana daidai mararrabar da hanya ta rabu, hagu coci, dama kamfani, kuma daga nan ana hango ƙofar kamfanin. Ina kan keken ɗinki na ga ya iso. Na ji sanyi a raina.

Sai waƙar ta iso mana. Matan sun cika bakin ƙofar, sun fi yadda na zata yawa, har da waɗanda ba 'yan cocinmu ba, waɗanda ba Kirista ba ma suna gefe suna amsawa da tafi. Rana ta riga ta yi zafi. Babu inuwa a wurin, babu ko dutsen zama. A tsaye suke, wasu sun dafa kafaɗar wasu, wata tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya kamar kaza a kan yashi mai zafi.

Baba ya tsaya a tsakiyar mararrabar har wani mai mota ya yi masa hon ya zage shi. Ya kalli hagu. Ya kalli dama, kuma na san ba fuskokinsu yake kallo ba. Na fito ina kiransa, ko bai ji ba ko ya ji, sai na ga amalanken ya karkata dama.

Na bi shi da almakashi a hannuna, ban ma san na riƙo shi ba. Ya isa ƙofar kamfanin. Ya kwance igiya ya sauke bencin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a layi kamar yadda suke a coci, inda ƙasa ba ta daidaita ba ya nemo tsakuwa ya saka a ƙarƙashin ƙafar. Ya zauna a kan kowanne ya jijjiga. Sannan ya fara kamo hannun tsofaffin yana zaunar da su, da na coci da waɗanda ba na coci ba. Gwaggo ta daina waƙa tana kallonsa. Da ya zo kanta ta zauna ba gardama, abin da ban taɓa gani ba.

Wata ta miƙa masa kwali mai rubutu ya riƙe, ya karɓa don ladabi, ya juya shi sama da ƙasa, ya mayar mata. Ya koma gefe ya tsaya kusa da amalankensa yana lura da ƙafafun bencin.

Shugaban masu gadin kamfanin ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu ne, shi ke jan baitin maza. Ya fito da sanda a hannu ya ce a watse, amma waƙar da ake yi tasa ce, na ga leɓensa yana motsi da ita yana ƙoƙarin hana shi. Ya matso kusa da Baba ya ce a hankali, Baba don Allah ka kwashe kayan nan kafin su iso. Baba ya ce to, bari su ɗan huta tukuna.

Motar 'yan sanda ta iso kafin su gama hutawa. Ba zan ce an yi wani babban duka ba, an dai yi ture-ture da ihu da hayaƙi mai sa hawaye, mata masu kumburarrun ƙafafu suna gudun da ba su iya ba. Ni na ja Gwaggo muka faɗa wani lungu. Da na leƙo, sai na hango Baba a tsakiyar hayaƙin ya rungume benci ɗaya, wani ɗan sanda yana ja ta ɗaya gefen, Baba yana tari yana faɗa masa cewa kayan coci ne, a bi a hankali da ƙafar, ba a jan benci ta nan. Ƙafar ta ɓalle a hannunsa. Suka loda duka shidan a mota a matsayin shaida suka tafi. Baba ya bi motar da amalanke babu komai a ciki har ta ɓace masa.

Ran Litinin aka sallami Gwaggo da wasu mata daga aiki. Ran Laraba dattawa suka zauna. Ba a bar ni na shiga ba, na tsaya a bakin taga. Dattijo bai ɗaga murya ba ko kaɗan, ya ce shi zuciyarsa ce ta karye, a ce kayan da aka keɓe wa Ubangiji an kai su titi an yi rigima da su. Wani ya ce hoton bencin yana yawo a waya, ana cewa cocinmu ce ta shirya zanga-zanga. Baba ya ce shi bai je zanga-zanga ba, bai ma san yadda ake yin ta ba.

"Na ga mutane a tsaye ne," ya ce, "ga benci a hannuna."

Suka karɓi makullin. Da kansa ya ciro igiyar daga wuyansa, ta maƙale a kunnensa, Fasto ya taimaka masa yana kallon ƙasa. Suka ce za a mayar masa ran Lahadi in ya tsaya gaban jama'a ya amsa laifinsa ya tuba.

Na yi murna da wannan sharaɗin, don na san Baba ba shi da girman kai ko na ƙwayar gero. Tuba a wurinsa ba wuya ba ce, yakan nemi gafarar mutumin da ya taka shi. Na wanke masa riga na goge. Na koya masa abin da zai ce, gajere: na yi kuskure, ku gafarce ni. Ya maimaita har ya haddace. Gwaggo ta ce in ya faɗi haka kada ya ƙara kiranta ƙanwarsa, sannan da za ta tafi ta ce ya faɗa kawai, rumfar ta fi bakinta amfani. Ita ma ba ta san abin da take so ba.

Ran Lahadi coci ta cika har waje. Baba ya fita gaba riƙe da hularsa. Ya ce ya ɗauki kayan coci ya kai inda ba a aike shi ba, ba tare da izini ba, kuma sun salwanta a hannunsa, wannan laifi ne, a gafarce shi. Jama'a suka ce amin. Na sauke ajiyar zuciya. Makullin yana kan tebur, Fasto ya riga ya kai hannu.

Sai Dattijo ya yi gyaran murya daga kujerarsa, ya ce abu ɗaya ya rage don zukata su kwanta: abokinsa ya yi alkawari a gaban Ubangiji cewa ba zai sake ba.

Da Baba ya iya ƙarya irin 'yar ƙaramar nan da kowa ke yi don a zauna lafiya, da yanzu yana rumfarsa. Ya tsaya yana juya hula. Ya tattare goshin nan nasa. Na san yana sake tsayawa a mararrabar ne a cikin kansa, yana duba ko wannan karon amalanken zai bi hagu.

"Ina so in yi alkawarin," ya ce. "Allah ya sani ina so. Amma in na sake ganinsu a tsaye a rana, ga benci, ban san abin da zan yi ba. Ina jin zan sauke. Ku gaya mini daidai inda zunubin yake, ko a ɗaukar ne, ko a saukewar, ko a zaman da suka yi, in tuba a kansa da gaske. Ni na duba ban gane ba."

Ba gatse yake yi ba, tambaya yake yi, yana kallon Fasto yana jiran amsa kamar kullum. Wata tsohuwa a baya ta ce amin ita kaɗai, ba wanda ya san ga me. Sakataren dattawa ya miƙa hannu ya ɗauke makullin ya saka a aljihu, aka ce a yi waƙa.

Rumfar yanzu wani mai sayar da taya ne a ciki. Kayan aikin Baba suna ɗakin yarana a cikin buhu, yana gyara wa maƙwabta kujeru a tsakar gida in an kawo. Bencin shida suna can harabar ofishin 'yan sanda ruwa yana dukansu, na je sau biyu aka ce sai coci ta rubuto, cocin kuma ba ta rubuta ba. Bayan wasu watanni kamfanin ya sayo kujerun roba ya saka wa matan ba tare da an ce komai ba. Wasu suka ce zanga-zangar ce, wasu suka ce masu sayen kaya ne suka zo dubawa, Dattijo ya ce dama yana cikin shirinsa. Ba a mayar da Gwaggo ba. Da aka kwatanta wa Baba tsawon kujerun, ya ce sun yi gajeru da teburin, bayansu zai yi ciwo.

Bai fasa zuwa coci ba ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar bai ƙara zama a cikinta ba. Yana tsayawa can baya, a filin da bencin nan suka bari, daga waƙar farko har addu'ar rufewa, tsoho mai ciwon gwiwa. Na yi faɗa, na yi roƙo, na kawo masa kujera daga gida ya ba wata mai ciki. Ya ce wurin zama ya ragu a gidan Ubangiji ta dalilinsa, dole wani ya rasa, to gara shi. Mutane kuwa suka ɗauka wani sabon salon nuna fushi ne. Wasu suka fara gaishe shi da girmamawar da ba ya gane dalilinta, wasu suka daina gaishe shi.

Lahadin da ta wuce, bayan waƙa Fasto ya ce a zauna. Kowa ya zauna, ban da matan kamfani. Suka fito daga layinsu ɗaya bayan ɗaya suka zo suka tsaya kewaye da Baba, Gwaggo a gaba tana dafe da sanda. Ba su gaya masa ba, ba su gaya mini ba. Dattijo ya juyo a kujerarsa mai lanƙwasasshen baya ya duba, ya mayar da kai.

Baba ya rikice. Ya kalli ƙafafunsu, ya kalli bencin da suka bari babu kowa a kai. Ya fara bin su yana raɗa, ku zauna mana, don Allah ku zauna, ga wuri can, me ya kawo ku nan. Ya kama hannun Gwaggo yana ja.

"Bar mu, Yaya," ta ce. "Ai mun saba."

Na ga maganar ta shige shi. Ya saki hannunta. Ya duba hagu da dama kamar ranar mararraba, sannan ya yi abin da ya ga shi kaɗai ya rage masa: in don shi suke tsaye, to bari ya daina tsayuwar. Ya dafa bango ya sauka a hankali ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da farar rigarsa. Ya ɗaga kai yana nuna musu bencin da hannu.

Gwaggo ta miƙa mini sandarta. Ta dafa kafaɗata ta sauka ta zauna kusa da shi ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. Sauran ma suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har bayan cocin ya cika da mata zaune a ƙasa, bencin da ya yi musu da hannunsa suna gabansu babu kowa. Fasto yana tsaye da wa'azinsa a hannu bai fara ba.

Baba ya jawo bakin zanina, na sunkuya. Idonsa ya cika da hawaye, hannunsa yana laluben wuyansa inda makullin yake a da.

"'Yata," ya ce, "yanzu kuma me na yi?"